Neman kalma: me za mu kira "ransomware" da Hausa?

Mai gyaran kwamfuta, Jidda:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i wani dattijo mai aika kaya daga Jidda zuwa Kano ya shigo shagona rungume da laftof kamar mai kai yaro asibiti. Rasiɗan kaya, sunayen masu bashi, hotunan iƙamar yaran shagonsa, babu wanda ke buɗuwa. Takarda ɗaya tak ke buɗuwa, tana cewa a biya da kuɗin intanet na Bitcoin kafin a ba da mabuɗi. Ya ce, "Ɗana, me ya same ta?" Na ce cutar kwamfuta ce, Baba. Ya ce to a wanke mana. Nan na yi tsuru-tsuru, domin ko an wanke, kayan suna nan a kulle.

Autansa ne ya jawo. Akwai wani dogon labarin almara na Turawa da littafinsa na biyar ya fito a 2011, na shida kuwa shiru. Yaro ya gaji da jira, ya ga an ce ga na shida kyauta, ya danna. Windows ɗin kuma ta bayan fage ce, an kashe mata sabuntawa don kada a gano ta. To, ina neman sunan da dattijo zai ji sau ɗaya ya gane.

Kawu, Shara Mansur, Makka:
Wa alaikumus salam. Larabawan nan baramijul fidya suke cewa. Mu ce manhajar fidiya mu huta.

Malama, Madina:
Kawu, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Ka ce fidiya a gaban alhaji, tunaninsa zai tafi kan wanda ya yi aski cikin harami: yanka, ko ciyar da miskinai shida, ko azumin kwana uku. Kalmar ibada ce a kunnenmu, ba zan miƙa wa ɓarawo ita ba. Me zai hana manhajar garkuwa, tunda garkuwa aka yi da bayanan?

Mai gyaran kwamfuta, Jidda:
Malama, ita na fara gwadawa a kan wani maƙwabcina, sai ya ce in saka masa ita a wayarsa! Garkuwa ai kariya ce, shi ya sa ake naɗa mutum Garkuwan gari. Sai an ce "garkuwa da" kafin ma'anar ta juya. Ya zaci maganin cutar nake talla.

Ɗalibi, Riyad:
Yaya, manhajar fansa fa?

Mai gyaran kwamfuta, Jidda:
Ƙanena, ka matso kusa, amma fansa ita kaɗai tana karkata zuwa ɗaukar fansa. Wannan sunan ya fi dacewa da cutar Shamoon, wadda ta afka wa kamfanin man Saudiyya, Aramco, a Agustan 2012, cikin azumi, ta goge kwamfutoci kusan 30,000. Ba ta nemi ko riyal ɗaya ba, waɗanda suka ɗauki alhaki ma cewa suka yi ramuwa ce. Tamu kuwa ciniki take so. WannaCry ta watan Mayun 2017 dala 300 ta riƙa nema a kan kowace kwamfuta, a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin haushi, Microsoft ta fitar da facin toshe kafar da cutar ta bi ta shiga Windows tun watan Maris, mutane ne ba su ɗora ba.

Kawu, Shara Mansur, Makka:
To ku bi hanyar kakanni. Wanda ya ce dafa-duka da faɗi-ka-mutu ba zai rasa wannan ba. Biya-in-buɗe.

Malama, Madina:
Kawu, ta yi daɗin faɗa wallahi. Sai dai manhajar da nake tsara jarrabawa da ita ma haka take min duk shekara: lasisi ya ƙare, biya in buɗe. Su ma ɓarayi ne ke nan?

Ɗalibi, Riyad:
Wasunmu za su ce e, Malama.

Mai gyaran kwamfuta, Jidda:
Dariya kuke, amma ta farko da aka sani da rigar lasisi ta zo. A 1989 wani Ba'amurke, Joseph Popp, ya aika faifai kusan 20,000 ta gidan waya da sunan bayani kan cutar ƙanjamau. In an kunna kwamfuta sau 90 sai ta ɓoye fayiloli, ta ce a aika dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama, wai kuɗin lasisi. Ni dai bambancin da nake gani shi ne, kamfani ƙofar ɗakinsa yake rufewa, ko da kana ganin ya tsawwala haya. Wannan kuwa ɗakinka ya zo ya datsa wa kwaɗo, kayanka na ciki, ya tafi da makulli.

Malama, Madina:
Tsaya, ai ka faɗe ta. Kwaɗon fansa. Da an ambaci kwaɗo, fansar ta koma ta biya a karɓi kaya, maganar ramuwa ta fita. Kuma tana shiga zance: an datsa wa kwamfutarsa kwaɗon fansa.

Kawu, Shara Mansur, Makka:
Muddin ba kwaɗon ruwa ba ne, na sa hannu.

Mai gyaran kwamfuta, Jidda:
Dattijon ya dawo ɗazu bayan la'asar. Na ce, "Baba, kwaɗon fansa aka datsa wa kayanka." Bai ce a wanke ba. Ya yi shiru, ya ce, "In na biya, wa ya tsaya min za su kawo makullin?" Na ce babu kowa. Ya laluba aljihun jallabiya ya fito da wani filashi da ya kwafi lissafinsa a ciki tun kafin aikin hajji. Na wata huɗun da suka biyo baya kuma muna nan muna tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga hotunan rasiɗin da ya tura wa mutane ta WhatsApp.