Haɗa dinya da kaji a gida ɗaya: abin da masu kiwo suka ce

Da aka tattauna batun, yawancin masu kiwon sun yarda dinya da kaji suna iya zama tare, muddin akwai fili. A ƙuntataccen wuri ne rigima take tashi.

An fi daɗewa a kan maganar ruwa. Dinya tana buƙatar mazubi mai zurfin da za ta tsoma kai duka ta wanke ido da hanci, kuma kafin ka juya ta mai da wurin taɓo. Kaji kuwa ba sa son danshi. Shawarar ita ce a raba musu wurin sha, na dinya ya kasance a waje nesa da akurki, a kuma hana 'yan tsaki zuwa kusa da ruwan, don suna iya faɗawa su nutse. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace amfani.

Wurin kwana ma daban: kaji kan hau sanda, dinya a ƙasa take kwana, to kada a shimfiɗa mata ƙarƙashin sandar, kashi zai zubo mata.

Abincinta mafi yawa ciyawa ne. Abincin kaji masu ƙwai bai dace da 'ya'yanta ba, sinadarin kalsiyam ya yi musu yawa.

Lokacin kwanci namijin dinya yakan yi faɗa sosai, sai a killace dinyar. Ƙwan kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa, na dinya wajen 30. Batun gadi kuwa an yi saɓani: ihun dinya na tona baƙo, amma ba ta iya kare kaji daga kare.