Neman kalma: me za a kira hanyar yin murfin kabad mai lanƙwasa?

Malama Mai Fassara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina fassara darasin aikin kafinta domin wata cibiyar koyar da sana'a, kuma ranar Alhamis da safe za a kai wa mai buga takardu. Darasin a kan kabad ɗin kicin ne wanda mutum ya haɗa da kansa a gida, ya yi wa na ƙarshen layi ƙofa mai lanƙwasa don kada kusurwa ta riƙa bugun mai girki a ƙugu. Kalmar da ta zame mini ƙarfen ƙafa ita ce "bent lamination". Ga yadda ake yi: a samu katako marasa kauri, kamar milimita 3, a shafe su da gam, a jera guda 6 ɗaya bisa ɗaya, a kwantar a kan wani katako da aka riga aka fitar wa siffar da ake so, a matse har gam ya kama. Idan aka kwance sai su fito abu guda mai kaurin milimita 18, a lanƙwashe. Na sa "lanƙwasa katako", to amma akwai wasu hanyoyi 3 a darasin, kuma duk lanƙwasawa ce. Ku taimaka don Allah.

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara gyara kalmar ƙofar nan tukuna. Kabad murfi gare shi. Kowane yaron shago ka ce masa ya ɗauko murfin kabad ya san abin da zai ɗauko. Aikin da kika kwatanta kuwa, mu liƙi muke cewa: a yi masa liƙi a kan mol. Mol ɗin irin wanda 'yan bulo ke faɗa, sai dai namu na katako ne.

Almajirin Harshe:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma murfi na tukunya ne, kuma mol ba Hausa ba ce. Abin da ke rufe ƙofa ƙyaure ne. Game da aikin, kakanninmu sun riga Turawa kawo mana shi. Ku dubi bakan gizo a ginin ƙasa, irin na Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Azara gajeru ake jerawa, wata ta ɗara wata kaɗan, a ɗaure, a bi da ƙasa, har baka ya haɗu a sama. Ƙanana ne suka taru suka ba da lanƙwasa. Saboda haka ina ba da shawarar BAKANTAWA, wato mayar da abu baka. Bakantaccen ƙyaure. Abin da ake kwantarwa a kai kuma MABAKANTA. Kalma ɗaya ta haifi 'ya'yanta, ba tare da aron komai ba.

Injiniya:
Kafin a yi nisa, Malama, ki raba hanyoyin nan da kyau, domin wanda ya gauraya su katako zai ɓata. Akwai ta tururi: a sa katako guda a akwati, a turara shi, abin da aka saba faɗa shi ne awa 1 ga kowane inci 1 na kauri, a fito da shi da zafinsa a lanƙwasa nan take. Da ita wani Bature mai ƙera kujeru, Michael Thonet, ya yi kujerarsa mai lamba 14 a shekarar 1859, wadda ta cika gidajen shan kofi na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya. Amma wannan ta sanduna ce, ba ta faffaɗan murfi ba, kuma katakon da aka busar ƙayau ba ya yarda. Akwai ta zarto: a yi ta tsaga bayan katako layi-layi kusa da juna, a bar 'yar fata siririya a gaba, sai ya lanƙwasu da hannu. Akwai kuma wadda ba a lanƙwasa komai: a yanka katako tsaye-tsaye, a karkata gefen kowanne, a haɗa su kamar yadda Turawa ke haɗa gangar katako. Idan murfin zai juya digiri 60 da katako 6, kowane gefe digiri 5 za a karkata, sannan a goge kusurwoyin su ɓace. Ta huɗu ita ce taki. Duk kalmar da za a zaɓa dole ta nuna cewa siraran ne da yawa, kuma gam ne ke riƙe siffar.

Almajirin Harshe:
To ai bakantawa ta ɗauke su duka. Bakantawar tururi, bakantawar zarto, bakantawar gam.

Malama Mai Fassara:
Malam na gode, amma ga damuwata. Ɗaliban nan a waya za su tura wa juna darasin, kuma yawancin wayoyi ba a sa ƙugiya. "Bakanta murfin" da "baƙanta murfin" za su zama abu ɗaya a ido. Yaro zai ɗauka baƙin fenti aka ce ya shafa.

Almajirin Harshe:
Wannan laifin mai rubutu ne, Malama, ba na kalma ba. Don mutane sun yi sakaci da ƙugiya ba za mu daina ƙirƙira ba. Haka aka yi wa na'ura mai ƙwaƙwalwa dariya, aka rungumi kwamfuta. Yanar gizo fa? Ba ta zauna ba? Abin da ke ba ni ciwo shi ne duk lokacin da aka kawo tamu sai a nemo mata aibu, ta aro kuwa ko gaisuwa ba a yi mata take shiga ɗaka.

Ɗan Damagaram:
Ni abin da nike gani, ku mutanen Najeriya in kun zauna neman kalma sai ku mance da mu. Mol ɗin da Baba ya faɗa daga Ingilishi yake, kafintocinmu kuma da Faransanci suke kiran rabin kayan aikinsu. In an buga takarda da kalmar shagon Kano kaɗai, ɗan Zandar ko Maraɗi zai karanta ya rasa gane ta. Shi ya sa nike goyon bayan a bi ta Hausa tsantsa. Amma ba bakantawa ba. Tanƙwara tana nan, kowa ya san ta daga Agadas har Kumasi.

Baba Kafinta:
Ɗana, tanƙwara da ƙarfi ake yi, kamar ƙarfen rodi. In ka ce wa yaro ya tanƙwara katako zai sa gwiwa ya danna, ka ji ƙas. Aikin nan lallashi yake so. Kuma Malam mai bakan gizo, ban raina karatunka ba, amma azara ba a lanƙwasa ta, a miƙe take a cikin ƙasa. Namu kowane falle sai ya kwanta ya bi mol. Kalmar kafinta ma da kake kirana da ita, daga ina ta zo? Masassaƙi daban yake, shi ke fafe turmi da akushi daga gungume guda.

Almajirin Harshe:
Baba, aron da aka yi jiya ba hujja ba ce ta a ci gaba da yi yau. Kuma ƙamus yana nan tun na Bargery na 1934, ga na Jami'ar Bayero, wa ya buɗe su kafin ya ce babu kalma?

Injiniya:
Ku dakata. Baba ya faɗi kalmar bai lura ba: falle. Falle ɗaya, falle biyu, kamar na takarda. LIƘIN FALLE-FALLE. Ta nuna yawa, ta nuna siranta, ta nuna gam. Kuma za ta taimaki Malama a gaba, inda darasin zai yi maganar yadda murfin ke ɗan buɗewa bayan an kwance matsi. Sai ta rubuta: gwargwadon yawan falle da sirantarsu, gwargwadon ƙarancin buɗewa. Falle 6 na milimita 3 sun fi falle 3 na milimita 6 riƙe siffa, ko da yake kaurin ɗaya ne.

Baba Kafinta:
Mu "ya saki" muke cewa. Murfi ya saki. Shi ya sa ake ɗan ƙara wa mol lanƙwasa fiye da yadda ake so. Ki sa musu maganar gam ma 'yata. Farin gam ko ya bushe yana da ɗan taushi, a hankali fallayen na iya zamewa, gara mai bushewa tauri irin na haɗi biyu, wanda ake cakuɗa abu biyu kafin a shafa. Sannan kada a taɓa kwancewa ranar da aka matse, a bar shi ya kwana. Wurin hinji kuma, irin mai shiga rami ɗin nan na milimita 35, yana son katako cikakke. Wanda ya bi hanyar zarto ya tsaga har baki, ba inda hinji zai kama.

Ɗan Damagaram:
Falle mun san ta. Wannan na yarda. Mol ɗin ne dai har yanzu.

Malama Mai Fassara:
Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan miƙa: liƙin falle-falle, lanƙwasar tururi, lanƙwasar tsaga, da haɗin ganga. Murfin da ya turo waje zan ce mai doro, wanda ya shige ciki mai kwarmi. Zan bi Baba a kan murfi, amma a farkon darasi zan rubuta "murfi ko ƙyaure" sau ɗaya. Mol zan bar shi, in yi bayaninsa da cewa katakon siffa ne da ake kwantar da fallayen a kai.

Injiniya:
Haɗin ganga da sauran magana. Gangarmu fafe ta ake yi daga itace guda, mai karatu zai iya ɗauka fafewa ake nufi. Ki sa hoto a gefensa.

Almajirin Harshe:
Liƙin falle-falle Hausa ce, ba zan yi musu ba, duk da kalma uku ce a inda ɗaya za ta isa. Mol kuwa ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Ko a ƙasan shafi ne, Malama, ki sa mabakanta, a ga ko ɗaliban za su ɗauka.

Malama Mai Fassara:
Ƙasan shafin ya cika da ma'aunai, Malam. Idan za a sake bugawa zan kai wa shugaban cibiyar maganar.