Inda ɗalibai ke tuntuɓe a batun "lokaci guda" na Einstein

Malam Bala: 'Yan'uwa masu koyar da fiziks, a ina ɗalibanku suka fi rikicewa idan an zo kan abin da Einstein ya nuna a 1905, cewa abu biyu da suka faru lokaci guda ga wani, ga mai tafiya kuwa, ɗaya na iya riga ɗaya?

Malama Hadiza: Malam, babban kuskuren shi ne su ɗauka jinkirin isowar haske ido ne. Ko an cire wannan jinkiri, bambancin yana nan. Lissafi ke warware musu. Jirgin ƙasa mai tsawon mita 300, fitila a tsakiyarsa. Haske na cin mita 300 a maikirosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Ga na cikin jirgi, hasken ya kai gaba da baya tare, a maikirosakan 0.5. To a ce jirgin na gudun 0.6 na gudun haske. Ga wanda ke tsaye a bakin layi, abu mai gudu gajarcewa yake, don haka tsawon jirgin ya koma mita 240, kowane ɓari 120. Bayan jirgin na tahowa ya tarbi hasken, su haɗu a maikirosakan 0.25, gaban kuwa tserewa yake, sai a 1.0 hasken ya cim masa. Tazara 0.75.

Injiniya Sani: Gaskiya ne, Malama. A wajen raba mita 120 da 1.6 na gudun haske (1 a tara da 0.6) don baya, da 0.4 (1 a cire 0.6) don gaba, ake faɗuwa. Sai ɗalibi ya ce ashe gudun haske ya canja. Bai canja ba, saurin cikewar ratar da ke tsakaninsu ne kawai a ma'aunin na bakin layi.

Malam Bala: Akwai masu tambaya ko sakamako zai iya riga dalili.

Malama Hadiza: Ba zai yiwu ba. Jerin faruwar abu biyu yana juyawa ne kawai idan nisan da ke tsakaninsu ya fi abin da haske zai ci cikin tazarar lokacin, wato babu ɗayansu da zai iya haddasa ɗayan. Kuma dole nisan ya kasance ta fuskar da ake tafiya. Fitilu biyu da ke daura da juna a dama da hagun tarago, kowa zai yarda tare suka kunnu.

Injiniya Sani: A nuna musu jirgi na gaske ma, mita 300, gudun mita 30 a sakan. Bambancin kashi ɗaya ne cikin tiriliyan 10 na sakan, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura da shi a tasha.