Firam ɗin tabarau na yarinya: za a iya buga shi a gida?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. 'Yata tana aji huɗu a firamare, in babu tabarau ba ta ganin allo. Karo na uku ke nan tana karya firam ɗin, na jiya wajen wasan 'yar gala-gala. Gilasan lafiya lau, ƙafar firam ɗin ta hagu ce ta ɓalle. Na sa gam, na ɗaure da zare, ko la'asar bai kai ba. Zuwa Kano kuwa kuɗin mota kaɗai ya ishi mutum. Ƙanena yana da ɗan injin 3D, mai narka roba ya ƙera abu layi bisa layi, a shagonsa na cajin waya, da sola yake aiki. Ya ce zai buga mata sabo mu mayar da gilasan. Akwai wanda ya gwada?

Injiniyan Gumel: Wa alaikumus salam. Na gwada wa ɗan yayata. Kada ya yi da robar PLA, tana laushi tun zafi na wajen digiri 60. Namu an bar shi a gaban mota da bazara, muka tarar ya lanƙwashe kamar taliya. Ya nemi robar PETG, tana jure kusan 80. Ya buga shi a kwance, in ya buga a tsaye zai tsage ta layin. Kuma ya fara da hantsi, batir na mutuwa aikin ya lalace.

Mai gyaran tabarau: Malam, robar ba ita ce damuwata ba. Gilashin an yanka shi ne tsakiyarsa ta dace da ƙwayar idon yarinyar. In sabon firam ya buɗe ko ya matse da 'yan milimita, sai ciwon kai. Wani gilashin ma ko ɗan juyawa ya yi, gani ya rikice. Tunda gaban bai karye ba, me ya kai ku taɓa shi? Ƙafar kawai za ku buga, ku mayar da ɗan sukurun.

Maman Khalifa: Ku huda ƙarshen ƙafafun a zura robar wando ta zagayo ƙeya. Nawa har ƙwallo yake bugawa da shi.

Baban Ummi: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ƙafar za mu buga. Amma sukurun ya faɗi a yashin tsakar gida, tun safe uwarta ke tankaɗe da rariya.