"Fistashiyo marar ƙwaya in ya buɗe baki sai ya tonu": yaya kuka fahimce ta?

Dan Kwari: Salam jama'a. Wani kwastoma ɗan Iran ya ga yadi kore mai haske a shago sai yace su a wajensu sunan kalar "magz peste-i", wato ruwan ƙwayar fistashiyo (wani ɗan itace mai ɓawo da koriyar ƙwaya a ciki, ana cinta kamar gyaɗa), kamar dai yadda muke cewa ruwan goro ko ruwan ƙwai. Daga nan hira tai hira har ya bani karin maganarsu, wai fistashiyo marar ƙwaya da ya buɗe baki asirinsa ya tonu. Wa ake jefa da ita?

Hajiya Mai Atamfa: Ai a fili take ɗana. Wanda kansa ba komai, muddin yai shiru ana masa kallon malami, yana fara magana shikenan. Baki shi ke yanka wuya. Ita kuma kalar a Jidda fustuƙi suke ce mata, tana kyau da les.

Malamin Gona: Hajiya ayi haƙuri amma ni maganar bata zauna min ba. Ƙwayar ce fa in ta girma take tsaga ɓawon tun yana kan bishiya, shi yasa Iraniyawa suke kiran wanda ya tsage "khandan" wato mai dariya kuma shi yafi tsada, rufaffen kuwa "dahan-bast" ne, kuma fankon galibi baya buɗewa ma sam, a ruwa ake gane shi don yana tasowa sama. Toh marar ƙwaya ta ina zai buɗe baki?

Dan Kwari: Lallai malam ka kawo rigima 😂

Hajiya Mai Atamfa: Karin magana ba darasin noma bace malam. Kura ta taɓa magana ne da muke cewa "in ji kura"?

Bazazzagi: Ni ina ganin abinda Malamin Gona ya faɗa ƙara mata nauyi yayi wlh. Mai ƙwaya buɗewa yake da kansa lokacinsa yayi, kaga koren nan, ba wanda ya matsa masa. Fanko ne in ya kwaikwayi mai dariya ake ganin duhu a ciki. Mutanen Rafsanjan can lardin Kerman da suke girbinsa wajen watan Satumba sun fi mu sanin haka ai. Kuma Hajiya "baki shi ke yanka wuya" akan magana mai jawo fitina ce, ko mai ilimi tana samunsa. Wannan tafi kusa da holoƙo hadarin kaka.

Hajiya Mai Atamfa: Holoƙo ai alkawari ne ba cikawa, daban ne.

Malamin Gona: Toh naji, amma kar a riƙa jefa yara da ita a aji, sai su daina tambaya.

Dan Kwari: Hajiya yadin dai yadi biyar ya rage, in aje miki?