Shawarwarin masu gyara kan ɗora Windows 11 a ƙaramar netbook

Hirar da aka yi a majalisar masu gyaran kwamfuta nan Gusau kan ko za a iya ɗora Windows 11 a netbook, wato ƙaramar laftof mai ƙarancin ƙarfi, ga abin da na tsinta. Kusan kowa cewa ya yi ka fara duba furosesa, in Atom N270 ce to ka haƙura kawai, 32-bit ce ita kuma Windows 11 sai 64-bit, ga RAM 4GB da TPM 2.0 (na'urar tsaro a cikin kwamfuta) da take nema, alhali ƴan netbook ɗin nan yawanci 1GB gare su. Wasu sun kawo maganar Rufus, manhajar ɗora Windows a filas, e yana tsallake binciken TPM amma ba zai sauya maka furosesa ba.

Shawarar da ta fi kwanta min ita ce ka sa antiX a madadin Windows, Linux ne mara nauyi kuma yana da na 32-bit. Ka kwashe fayilolinka tukuna, ka kunna shi daga filas ba tare da ka girka ba, ka gwada Wi-Fi da sauti domin katin Wi-Fi na kamfanin Broadcom yakan yi gardama. Allon 1024x600 ma yana ɓoye maɓallin OK can ƙasa, sai ka danne Alt ka ja tagar sama.

Kuma don Allah kar ka fara girkawa da mataccen batir, a ɗauke wuta aikin ya tsaya a tsakiya.