Wai ana gane mai gudu daga inda motoci suka nufa bayan karo?

Direban Tasha: Jiya a mahaɗar hanya Golf ta taho daga yamma, Hilux daga kudu, suka yi karo suka manne da juna suka ja zuwa arewa maso gabas daidai tsakiya. Wani yaro ɗan jami'a na wajen wai shi daga nan kawai ya gane mai Golf ne ya fi gudu. Ni dai na ce ƙarya ne, sai ka ce boka.

Malamin Fiziks: Alhaji ba bokanci ba ne, yaron ya yi daidai. Momentom ake ce masa, nauyin mota sau gudunta, kuma yana da alkibla. Na gabas a lissafa shi daban, na arewa daban, jimillar kowanne kafin karo ita ce bayan karo. Tunda sun bi tsakiya, digiri 45 kenan, to ƙarfin biyun ɗaya ne. A ce Hilux kilo 2000 tana kan 36, ya ba da 72,000, Golf mai kilo 1200 sai ta kai 60 kafin ta kamo wannan.

Bakanike: Malam da girmanka amma ban yarda ba. Ni nake buɗe motocin nan, bamba ta lotse, lagireto ya fashe, ƙarfe ya naɗe kamar tabarma, duk ƙarfin nan ina ya tafi da za ka ce ba abin da ya ragu?

Malamin Fiziks: Ai abu biyu ka haɗa ɗan'uwa. Makamashin gudu shi ne ke tafiya a lotsewa da zafi da ƙara, momentom bai ragu ba don yadda Golf ta tura Hilux haka Hilux ta tura ta, dokar Newton ta uku. Kuma karon kansa wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne, gogar taya da kwalta ba ta isa yin wani tasiri ba a ɗan lokacin nan.

Direban Tasha: To naji. Amma wa ya gaya maka Golf ɗin kilo 1200 ce? Mutum tara ne a ciki wallahi, ga buhunan albasa a but har murfin bai rufu ba an ɗaure da igiya.

Malamin Fiziks: Nan kam ka kama ni Alhaji. In lodin ya kai ta 1800 to gudunta 40 ne kacal, sai an auna nauyin gaske.

Bakanike: Kuma kafin 'yan Road Safety su iso ai jama'a sun ture motocin gefe, sai sawun birki da fasassun gilas a kwalta.

Direban Tasha: Albasar ma an kwashe.